Kafin Ka Fasa Kwaɗo, Nemi Mai Makulli

A makon jiya na sami wasiƙa daga wani saurayi mazaunin Kafanchan, wanda ya roƙe ni in sakaya sunansa, na kuwa sakaya. Shi da abokansa biyu ne suka karɓi aikin rubuta manhajar lissafi ga wata ƙungiyar gama-kai ta manoman citta, watau manhajar da za ta riƙa ƙididdige buhunan da kowane manomi ya kawo, da bashin takin da ke kansa, da abin da ya rage a biya shi. An yi da su za su miƙa aikin a ƙarshen wata domin a yi biyan bana da shi. Ana saura kwana huɗu sai kwamfutarsa ta ƙi ɗauko masa fayilolin da ya nema daga rumbun aikinsu, ta ce a kulle suke. Ya yi juyin duniyar nan ta ƙi, har wani abokinsa ya ba shi shawara ya tilasta mata. Ya tilasta mata. Aikin kwana biyu ya salwanta, kullen kuwa yana nan daram inda yake. Ya rufe wasiƙarsa da tambaya guda, wai ina amfanin kwaɗon da ba ya tsare ɓarawo sai mai gida?

Ban yi mamakin samun irin wannan wasiƙa daga Kafanchan ba. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta koyar da samari da 'yan mata aikin kwamfuta a Bayan Loko tun lokacin da a garuruwa da yawa ba a san ta ba sai a banki, ga kuma reshen Jami'ar Jihar Kaduna a garin. Amma kafin in amsa masa, bari in yi wa sauran masu karatu bayanin rumbun da ake magana, domin ba kowa ne ya san shi ba.

Masu rubuta manhaja ba a fayil ɗaya suke aiki ba. Ƙaramin aiki ma yakan kai fayil ɗari, kuma mutum uku ko goma na iya sa hannu a cikinsa a rana ɗaya. Saboda haka suka ƙago wata manhaja mai aikin magatakarda, wadda ke rubuta kowane gyara da aka yi, da wanda ya yi shi, da ranar da ya yi. Wurin da take tara wannan tarihi shi nake kira rumbu. Mutum yakan ɗauko kwafin aiki daga rumbu zuwa kwamfutarsa, ya yi gyaransa, sa'an nan ya mayar. Yana kuma iya cewa a ɗauko masa aikin kamar yadda yake a watan jiya, ko kuwa reshen da abokinsa ke aiki a kai. Wannan ɗaukowa ita ce ta gagari ɗan namu.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a 1982 kuma Walter Tichy ya fito da RCS a Jami'ar Purdue. Su waɗannan na farko, kulle shi ne ginshiƙinsu: wanda zai gyara fayil sai ya kulle shi, kowa ya jira har ya gama. Daga baya CVS ta zo a 1986, Subversion a 2000, Git kuma a 2005 daga hannun Linus Torvalds. Waɗannan suka bar kowa ya yi nasa gyaran a lokaci guda, a haɗa daga baya. Sai mutane suka ɗauka an rabu da kwaɗo ke nan. Ba a rabu da shi ba, ɓuya ya yi, ba ya bayyana sai ranar da abu ya ɓaci.

To, ɗana, wanda ya tashi a Kafanchan bai kamata ya raina kulle ba, gama garinku na jirgin ƙasa ne, jirgin ƙasa kuwa da kulle yake tafiya. Tun a shekarun 1926 da 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa: layin da ya taso daga Fatakwal ya wuce Kaduna ta Zonkwa, wani reshe kuma ya haura Jos ta Kagoro. Layin nan guda ɗaya ne tak. Jirgi mai tafiya da mai dawowa duk a kan ƙarfe ɗaya suke bi, ba su da wurin wuce juna sai a tasha. Me ya hana su karo a daji? Sanda. Muna yara, zamanin da jirage ke kai da komowa dare da rana, mukan tsaya a bakin tasha mu ga ma'aikaci ya miƙa wa direba wata 'yar sandar ƙarfe, mu ɗauka gaisuwa ce tasu ta 'yan reluwe. Sai da na girma na gane cewa kowane yanki na layi tsakanin tasha biyu yana da na'ura biyu, ɗaya a kowace tasha, an haɗa su da waya. In an zare sanda daga ɗayarsu sai duka biyun su kulle, ba a iya zare wata sai an mayar da ta farko. An kuma rubuta sunan tashoshin biyu a jikin sandar, direba kuwa ba shi da izinin shiga yankin sai tana hannunsa. Wani Baturen Ingila, Edward Tyer, shi ya fara ƙera irin wannan na'ura mai aiki da lantarki a 1878, tasa faifan ƙarfe take bayarwa maimakon sanda, amma hikimar ɗaya ce.

Sau da yawa jirgi kan tsaya a tasha awa guda saboda na'ura ta ƙi ba da sanda. Fasinja su yi ta gunaguni, masu tallar ayaba da gyaɗa su yi ta ciniki. Amma ban taɓa jin shugaban tashar da ya ɗauko guduma ya fasa na'ura don fasinja sun ƙosa ba. Wayar tarho yake ɗauka ya tambayi tasha ta gaba: sanda tana hannun wa? Jirginsa na kan hanya ne, ko ya mutu a daji, ko kuwa ya iso tuni an manta ba a mayar da ita ba? Waɗannan tambayoyi su ne dukkan ilmin da zan ba ka yau, sai dai a kwamfuta kwaɗon iri uku ne, kowanne da mai makullinsa daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Na farko na Git ne kansa. Git yana da wani kundi da yake rubuta jerin abubuwan da za a mayar rumbu. Duk sa'ad da zai taɓa kundin nan sai ya fara ƙirƙirar ɗan fayil mai suna index.lock a cikin ɓoyayyar jakar nan .git, ya rubuta sabon jerin a cikinsa, in ya gama ya sauya masa suna ya maye gurbin tsohon da shi. Duk wani umurnin Git da ya zo ya tarar da ɗan fayil ɗin nan sai ya ja da baya, domin ya san an zare sanda. A al'ada kafin ƙiftawar ido an gama. Amma in wuta ta ɗauke a daidai lokacin, ko batir ya ƙare, ko mutum ya ƙosa ya rufe tagar da ƙarfi, to sanda ta fita ke nan, jirgin kuwa ya mutu a daji, babu mai mayar da ita. Mu nan ƙasar, da irin wutarmu, mun fi waɗanda suka rubuta Git haɗuwa da wannan sau ninkin ba ninkin, shi ya sa ɗan ƙaramin batirin ajiyar wuta a gindin kwamfutar tebur ya fi mata amfani bisa kujera mai juyawa.

Maganinsa ba wuya, amma da tsari. Da farko a tabbata babu wani Git da ke aiki. A rufe manhajar da ake rubutu da ita, domin irin na yanzu sukan aiki Git a ɓoye kowane ɗan lokaci don su nuna wa mutum abin da ya sauya. A duba ko akwai wata taga da ke jiran a rubuta bayanin ajiya an manta da ita a baya. A buɗe jerin manhajojin da ke gudana a kwamfutar, wanda Windows ke kira Task Manager, a duba ko akwai sunan git a ciki. In babu, to mai makulli ya mutu, sai a goge index.lock, shi kaɗai, kada a taɓa kome a jakar ban da shi. In kuwa akwai, a jira. Wanda ya goge shi alhali wani Git na tsakiyar rubutu, shi ne ya saki jirgi biyu a layi ɗaya, kuma yana iya lalata kundin gaba ɗaya. Masu aiki da Subversion su kuma kada su goge kome da hannu. Tun fitowar 1.7 a 2011 take ajiye bayanin kullenta a cikin wani kundi guda mai suna wc.db, umurnin svn cleanup kuwa shi ne zai ƙarasa aikin da aka bari rabi, sa'an nan ya buɗe.

A wasiƙarka ka ce da wuta ta dawo ka ta da kwamfuta, ka goge index.lock. Nan ka yi daidai, gama kwamfutar da ta mutu ta tashi babu wani tsohon Git da ya rage a cikinta. Kuskurenka biyu ne bayan wannan. Na ɗaya, wuta ta ɗauke kana cikin mayar da aikinka rumbu, ba ka kuwa duba ko ya shiga ba. Da ka rubuta git status da ya gaya maka cewa aikinka na kwana biyu yana nan a waje bai shiga ba. Na biyu kuwa shi ya fi ba ni tausayi. Hoton fuskar kwamfutar da ka haɗo da wasiƙarka ya nuna cewa saƙo na biyu da ya fito maka ba irin na farko ba ne. Bai ambaci index.lock ba ko kaɗan. Cewa ya yi ya kasa cire tsohon fayil, ya kuma faɗi sunan fayil ɗin ƙarara, watau takardar jerin sunayen manoma. Ina kyautata zaton kai da kanka ka buɗe ta a Excel don ka duba wani abu, ka bar ta a buɗe. Ka ga saƙo ya fito, ka ce kullen ɗazu ne ya dawo, ba ka karanta ba.

Wannan ya tuna mani da abin da ya faru a Abermule, a yankin Wales na Birtaniya, ran 26 ga Janairu 1921. Layi ɗaya ne kamar namu, na'urar Tyer kuwa tana aiki lafiya lau. Jirgi ya iso tasha, direba ya miƙa faifan yankin da ya baro. Cikin ruɗani na ma'aikatan tasha sai aka sake mayar masa da faifan nan nasa, ana zaton na yankin gaba ne. Wanda ya miƙa bai karanta sunan da ke jiki ba, wanda ya karɓa shi ma bai karanta ba. Jirgin ya shiga layin Newtown alhali wani jirgi mai gudu yana tahowa da faifan gaskiya a hannunsa, suka yi karo, mutum 17 suka mutu. Na'ura ba ta yi ƙarya ba ranar nan, rubutu yana jikin faifai, karatu ne ba a yi ba.

Kwaɗo na biyu ke nan, kuma ba na Git ba ne, na Windows ne. Ka'idar Windows ita ce, in wata manhaja ta buɗe fayil ba ta ba da izinin a goge shi ba, to babu mai goge shi ko sauya masa suna sai ta sake shi. Git kuwa in zai ɗauko maka wani reshe, sai ya cire tsohon fayil tukuna ya ajiye sabo a gurbinsa. In ya zo kan fayil ɗin da ke hannun wata manhaja sai ya cije. A nan babu wani ɗan fayil da za ka goge ka huta, gama mai makulli yana da rai, yana nan zaune a cikin kwamfutarka. A Linux da Mac ba haka ka'idar take ba, ana iya cire sunan fayil ko da yana buɗe, shi ya sa abokin aikinka mai Linux zai rantse maka cewa shi tasa lafiya lau take, ku yi ta musu a banza. Su in irin wannan saƙo ya fito musu, galibi maganar izini ce, watau jakar da fayil ɗin ke ciki mallakar wani mai amfani ce daban.

Su wa ke riƙe fayil? Mafi yawa Excel ne ko Word, ko manhajar da kake rubutawa ita kanta ka tashe ta don gwaji ka manta ba ka kashe ba, ko wata baƙar taga da ka bari a cikin jakar da za a cire. Akwai kuma masu riƙewa a ɓoye: manhajar rigakafin ƙwayar cuta tana binciken kowane sabon fayil, da mai tsara fihirisar bincike na Windows, da masu kwashe fayiloli zuwa intanet irin su OneDrive da Dropbox. Waɗannan na ɓoye ɗan lokaci kaɗan suke riƙewa, in ka dakata ka sake gwadawa sai ka ga ta wuce. Amma shawarata ita ce kada a ajiye jakar aikin Git a cikin jakar da ake kwashewa zuwa intanet ko kusa, domin magatakarda biyu ne ka ɗora a kan kundi ɗaya, ba kuwa sa magana da juna. In an rufe duk abin da ido ke gani abin bai saku ba, a buɗe Resource Monitor da ke cikin Windows, a rubuta sunan fayil a wurin neman masu riƙo, zai faɗi sunan manhajar. Process Explorer na Mark Russinovich shi ma yana yin wannan, a Linux kuma akwai lsof. In duk an rasa, a kashe kwamfuta a sake tashe ta. Sau da yawa ma Git na Windows yakan tsaya ya tambaya ko ya sake gwadawa. Wannan tambaya dama ce ya ba ka: ka je ka rufe Excel, ka dawo ka ce masa i.

Yanzu sai maganar shawarar abokinka. Umurnin da ya ba ka, git reset --hard, ba shi da wani iko a kan kullen Windows, ko kaɗan. Ma'anarsa ita ce a watsar da duk gyaran da ba a mayar rumbu ba, a mai da kowane fayil yadda yake a ajiya ta ƙarshe. Ya kuwa cika umurni: ya bi fayilolinka ɗaya bayan ɗaya ya shafe aikinka, da ya zo kan takardar manoma ya sake cijewa kamar ɗazu. Garin neman gira ka rasa ido. Ba na zargin abokinka da mugunta, irin wannan shawara ta cika ko'ina, kuma takan yi aiki sau tara cikin goma ga wanda ba shi da abin asara. Amma ni ra'ayina, duk umurnin da ke ɗauke da kalmar tilas, kada mutum ya buga shi sai ya fara kwafe jakar aikinsa gaba ɗaya zuwa wani wuri. Minti biyu ne.

Akwai wani haɗari kuma da ya fi wannan ɓuya. In ɗaukowa ta tsaya a rabi, jakarka takan zama gauraye, wasu fayiloli na sabon reshe, wanda ya cije kuwa na tsoho. Git zai nuna maka shi kamar kai ne ka gyara shi. In ka tattara kome ka mayar rumbu ba ka duba ba, to ka ɗora tsohuwar takarda a kan sabuwa ke nan, ka shafe gyaran abokinka da sunanka. A aiki irin naku wannan na iya zama manomin da aka ƙara sunansa jiya ya ɓace daga jerin biya, ba kuwa wanda zai sani sai ranar da ya zo karɓar kuɗinsa. Saboda haka bayan an saki fayil, a duba git status tukuna, a sake ɗauko fayil ɗin nan shi kaɗai daga reshen da ake so.

Kwaɗo na uku na ɗan Adam ne, ba zan daɗe a kansa ba domin bai same ka ba tukuna. Takardar lissafi da hoto da zanen gini ba sa haɗuwa in mutum biyu sun gyara su lokaci guda, dole na ɗaya ya shafe na ɗaya. Don haka Subversion ta dawo da kulle na ganin dama a 2005, Git LFS kuma ta kawo nata a 2017. Wannan ba ya hana ka ɗauko fayil, mayarwa yake hanawa, wani lokaci kuma fayil ɗin ya zo maka a matsayin na karatu kawai. Alherinsa shi ne yana faɗin sunan wanda ya kulle da ranar. Akwai umurnin karya shi, amma ka buga wa mutumin waya tukuna, wataƙila aikin mako guda ne a hannunsa bai mayar ba. A tsarin jiragen Ingila ma, in sanda ta ɓace ba fasa na'ura ake yi ba, sai tashoshin biyu sun yi magana sun yarda, a naɗa mutum guda ya zama shi ne sanda, ba jirgin da zai shiga yankin sai da izininsa. Ku ma da kuke ajiye takardar Excel a rumbu, ya kamata ku yi shawara a kan wannan.

Saura aikinka na kwana biyu. Kada ka fid da rai tukuna, kada kuma ka ƙara buga wani umurni a jakar nan sai ka kwafe ta. Tun da wuta ta ɗauke ne kana cikin mayarwa, mai yiwuwa Git ya riga ya rubuta wasu fayilolin a cikin rumbu bai kai ga ɗaura musu suna ba. Ka buga git fsck --lost-found, zai tattaro irin waɗannan marayu ya zuba su a jakar lost-found da ke cikin .git. Ba za su zo da sunayensu ba, sai dogayen lambobi, dole ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka gane naka. Ka hanzarta, domin Git yakan share irinsu in sun wuce mako biyu. Ka kuma duba manhajar da kake rubutu da ita, da yawansu suna ajiye nasu tarihin na kowane fayil a gefe, ba ruwansu da Git. Abin da ba ka samu a wuraren nan biyu ba, sai ka sake rubuta shi, ka kuma gaya wa shugabannin ƙungiyar gaskiyar abin da ya faru tun yanzu, domin su san ko za su ɗaga ranar biya ko za su yi na bana da littafi.